Kwashe Gari Zuwa Tudu

Bayan isha'i na tura ƙyauren shago,
na bar ɗan tsagi saboda iska.
Kwamfutata ta tsufa.
Tun watan jiya take wani tari daga ciki
kamar jakin da ya ɗauko kara daga Tibiri.
Harisu mai gyara ya kara kunnensa, ya ce,
"Tsahiru, kwashe kayanka. Wannan ba ta ganin kaka."

Shi ne na sayo faifan ajiya a Babbar Kasuwa,
jika ashirin da biyu, bayan ciniki har da rantse-rantse.
Baƙi ne, bai cika tafin hannu ba.
Na soka masa waya,
ya buɗe ɗan idonsa shuɗi, ya dube ni.

Waƙa dubu tara da ɗari huɗu da sha ɗaya.
Shekara goma sha uku ina tara su,
ina tura wa ƴan kabu-kabu a waya, dala biyar-biyar,
ina tura wa amare, da masu shayi, da direbobin Madarunfa.
Akwai na Nomau mai gurmi daga Jirataua
wanda ya rasu bai san an naɗe shi ba.
Akwai kalangun bikin da auren ya mutu tuni,
kiɗan kuwa yana nan da ransa.

Koren zare ya soma rarrafe a allo.
Saura minti arba'in, in ji ta.
Can kuma ta ce saura awa uku.
Alkawarin tela ana gobe salla.

Kakana ya ce garin nan a fadama yake da,
har daren da Gulbi ya shigo ba sallama.
Suka kwashi abin da kai zai ɗauka,
turmi, tabarma, irin gero a ƙwarya,
suka hau tudu, suka sake kiransa Maradi.
Ni ma abin da nake yi ke nan,
sai dai nawa garin ba shi da nauyi.

A kashi saba'in da ɗaya zaren ya cije.
Wani abu ya ƙi ƙetarewa.
Ba shi da suna, lamba ce kawai.
Na danna.

Zakara ya yi cara. Dutsen niƙa yana gurza.
Sai muryar Inna Tabawa,
ƙasa-ƙasa, tana rera wa hatsi abin da ba ta faɗa wa kowa.
Ta yi tari. Ta ci gaba.
Sannan ta ce, "Kai, Ilu, kashe abin nan,"
tana dariya.
Minti ɗaya da daƙiƙa tara.
Ilu ne ya naɗa da tsohuwar wayarsa
kafin ya tafi Agadas, kafin ita ta tafi inda ba a dawowa.

Na zauna ban motsa ba.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.

Na raɗa mata suna: Inna, niƙa, safiya.
Na ɗauke ta ita kaɗai, na kai ta bakin faifan,
kamar yadda ake riƙe hannun tsohuwa a ƙetare kwalta.
Ta wuce.
Sauran suka biyo ta a guje.

Wutar lantarki ta yi mini kara, ba ta ɗauke ba
sai da ladan ya yi kiran farko.

Da safe na naɗe faifan a tsohon ɗankwali,
na hau babur zuwa unguwar Zariya, gidan ƙanwata Baraka.
Ba a zuba iri duka a rumbu ɗaya.
Ta ce, "Mene ne?"
Na ce, "Sa a ƙasan akwati, nesa da randa.
Inna na ciki."